Mikin da ke da baƙo a ƙarƙashinsa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Ina gaishe ku mutanen Hajara, da na Gurda, da Mahdiyya, da Manshiyya, da duk inda muryar nan ta kai a cikin garin Sabha. Yau da iyayenmu mata da ƙannenmu nake. Maza kuma kada ku murɗa akwatin, don ku ne masu neman mota da tsakar dare, kuma sau da yawa daga bakinku ake jin a bari sai gobe.

Maganar tana da nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu tattauna a kan ɗinkin da ake yi wa mace bayan an sa mata roba a mama, da abin da ke faruwa idan ɗinkin ya ƙi kamawa.

Na san wata za ta ce, mu da muka zo neman na tuwo, ina mu ina dashen roba? Ƙanwata, abin ya fi kusa da ke fiye da yadda kike zato. Akwai matan da sankarar mama ta sa aka cire musu nono ɗaya, likita ya mayar musu da siffarsa da robar silikon. Akwai masu yi don kwalliya, su tafi Tunis ko Safakis ko Santambul su dawo ba wanda ya sani sai aminiya. Sannan mu nawa ne ke aiki a gidajen Larabawa? Uwar ɗakinki ta dawo daga tafiya tana dafe ƙirji, ke ce mai ɗora ruwan wanka, ke ce mai wanke rigar barci, ke ce za ki fara ganin danshi a jikin bandeji. Idonki na iya zama abin da zai cece ta.

Batun halacci na malamai ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a ƙasar Malesiya cikin 2007, ta halatta gyaran mama ga wadda aka cire wa saboda cuta, ta kuma hana tiyatar da sauya halitta don son zuciya kawai ke jawowa. Sai dai miki ba ya tambayar dalilin yanka. Wadda ta yi don lalura da wadda ta yi don ado, jinya ɗaya suke bukata.

Bari in ba ku labarin maƙwabciyata a nan Hajara, ta kuwa yarje mini in faɗa muddin ban kama suna ba. Baiwar Allah ce 'yar wajen Damagaram, ta haura arba'in, iyalinta sun daɗe a garin nan. An cire mata maman hagu a wani asibitin kuɗi a ƙasar waje, aka sa roba a take. Kwana tara da aikin suka kamo hanya a mota, don kuɗin masauki ya ƙare. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san abin da nake nufi: daga bakin teku zuwa Sabha sama da kilomita 700, ga ramuka, ga zafin bazara, ga belin mota a kan ƙirji.

Kwana biyar da dawowarta ta aiko 'yarta ta kira ni. Na shiga ɗaki, ba wuta, fanka a tsaye, ita kuma ta lulluɓa da bargo tana rawar sanyi. Ta ce, "Yaya, ki duba mini, ni dai na kasa kallo." Na wanke hannu na ɗaga bandejin. Kafin ido ya gani hanci ya ji. A kusurwar ɗinkin ta wajen hammata bakin fata ya rabu, bai fi girman ƙwayar wake ba, wani ruwa mai kalar tsakin kunu yana tsattsafowa. An barbaɗa garin kafso ja-da-yalo a wurin har ya yi ɓawo. Sama da ɗinkin kuma ga bororo guda biyu irin na ƙuna. Na ce mene ne wannan? Ta ce tawul take tsomawa a ruwan zafi tana gasawa, kamar yadda aka yi mata a jego, kuma wallahi ba ta ji zafi ba. Na tambaye ta yaushe ruwan ya fara. Ta sunkuyar da kai ta ce yau kwana huɗu. Ta ɗauki hoto ta tura wa asibitin can ta WhatsApp, aka ce mata ba komai, ta ci gaba da shan magani. Mijinta bai sani ba. Surukarta da ke ɗaki na gaba ba ta sani ba.

Za mu dawo kanta. Yanzu mu fahimci abin da ya sa ramin da bai fi ƙwayar wake ba ya zama abin tashin hankali.

Idan kika yanke a yatsa, jini ya daskare, wurin ya ɗan kumbura kwana biyu uku yayin da sojojin jini ke share datti, sannan sabon nama ya fara tsirowa, ƙananan jijiyoyin jini su saƙa wurin. Haka kowane miki ke warkewa. Amma fata ta haɗe a ido ba ya nufin ta yi ƙarfi. Bayan mako 3, ƙarfin ɗinki bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. Sai an yi wata 3 yake kusantar iyakarsa, kuma ko ya gama ƙosawa, wajen kashi 80 yake tsayawa. Tabon kansa yana ci gaba da sauyawa har shekara guda ko fiye.

To ki ɗora wa wannan ɗanyen ɗinki nauyi. Mafi yawan likitoci a lanƙwasar ƙarƙashin mama suke yanka, wasu a gefen baƙin da'irar kan nono, wasu a hammata. Robar da ake sawa takan kai giram 300 ko 400, wata ta fi haka, kuma idan yankan na ƙasa ne, a kan ɗinkin take zaune dare da rana. Wurin kuma lungu ne, gumi na taruwa, fata na gogar fata. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta na ɗaukewa, iskar gibli na shigo da ƙura ta kowace kafa, kin ga aikin da ke gaban ɗinkin nan.

Babban abin dai shi ne robar baƙuwa ce a jiki. Tun 1962 da likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara sa robar silikon a birnin Hustan na Amurka, an gyara ƙirarta sau da dama, amma ba a taɓa yin wadda jini ke ratsawa ba. Namanki yana da jijiyoyi, in ƙwayar cuta ta shiga, jini ya kai mata sojoji, ya kai mata maganin da kika sha. Roba ba ta da ko ɗaya. Idan ƙwayoyin cuta suka isa jikinta, sai su manne, su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar gansakukar da ke kama cikin randa, magani ya zo ya wuce ta kansu. Kuma ba daga nesa suke zuwa ba. Galibinsu irin waɗanda ke zaune a fatar kowannenmu ne, ba sa cutarwa muddin suna waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa buɗewar da in a gwiwa take za a ce a sa filasta a manta, a kan roba ƙofa ce.

Ga wadda aka yi wa don kwalliya, kamuwa da ƙwayar cuta bai cika yawa ba, mace 1 zuwa 2 cikin 100. Ga wadda aka cire wa mama saboda sankara, haɗarin ya ninka sau da yawa, kuma dalilin a fili yake. An kwashe naman ciki, an bar fata siririya wadda jininta ya ragu. In an haɗa da gashin sankara, fatar ta ƙara taurara, ta ƙara rasa jini. Sannan an yanke jijiyoyin ji, wurin ya zama kamar an yi masa allurar kashe zafi. Abin da ya ƙona maƙwabciyata ke nan. Tawul ɗin da zai sa ki ihu a hannu, a kan wannan fata sai ya dafa ta ba ki sani ba. Don Allah iyayena, gashin ruwan zafi ba na wannan wuri ba ne. Ƙanƙara ma haka.

(Ɗan kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ɗinkin mama bayan an sa roba.

Jiki magayi ne, sai dai a ƙi saurara. A kwana ɗaya ko biyun farko, abin tsoro jini ne ya taru a ciki: gefe ɗaya ya kumbura da sauri, ya yi tauri, ya fi ɗan'uwansa girma da ciwo. Wannan na komawa ɗakin tiyata ne, ba ya jiran wayewar gari. Daga baya ruwa na iya taruwa, mace ta ji kamar yana motsi in ta juya. Shi ma a kai wa likita ya duba da na'urar hoto. Kada wani mai allura a unguwa ya ce zai zuƙe shi, zai iya huda robar, zai iya shigar da cutar da hannunsa.

Ciwon aiki kullum raguwa yake yi. In an wuce kwana uku ciwo na ƙaruwa, musamman mai zuga kamar bugun zuciya, akwai magana. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, rawar sanyi, ruwa mai kauri ko wari, bakin ɗinki da ya rabu, duk a ranar ake zuwa asibiti.

Akwai abin da takardar sallama ba ta faɗa mana. Takan ce a lura in wurin ya yi ja. An rubuta ta ne don masu farar fata. A jikin baƙar mace ja ba ya fitowa yadda suke nufi. Ke abin da za ki duba: wurin ya fi kewayensa duhu ko ya koma ruwan makuba, fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mai, ta ɗaure. Ki sa bayan hannunki a wannan gefe, ki sa a wancan, ki ji wanne ya fi zafi. A hasken rana ake dubawa, a bakin taga, kada a dogara da tocilan waya. In kuma kika ga wani yanki na fata ya yi baƙi ƙirin ya bushe kamar ƙirgi, wannan fata ce ta mutu don rashin jini. In kika hango wani abu mai santsi yana ƙyalli a cikin ramin, robar ce ta leƙo. Ki rufe da bandeji mai tsabta, kada ki tura ta ciki, ki nemi mota.

Wadda ta yi doguwar tafiya bayan tiyata ta kula da ƙafarta ma. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa, wannan gudan jini ne, yana kisa cikin gaggawa. Cibiyar Lafiya ta Sabha ita ce babban asibitin kudancin ƙasar nan, ga kuma asibitocin kuɗi. Likitan tiyatar da ke kusa, wanda zai sa hannu ya taɓa, ya fi wanda ke bayan teku yana kallon hoto a waya.

Yanzu zan taɓo abin da zai ɓata wa wasu rai. Man bilicin. Da yawa daga mayukan ƙara haske da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda ke sirantar da fata ya kuma danne garkuwarta. Matar da ta shekara biyar tana shafawa har ƙirji, fatarta kamar takardar da ta sha ruwa take, zare na yanka ta maimakon ya riƙe. Likita ba zai sani ba sai kin faɗa, kuma mata ba sa faɗa. Haka shisha da taba. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ɗinki jini, shi ya sa ake cewa a bari aƙalla mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa. Maigida mai busa hayaƙi a falo, kai ma da kai ake. Ciwon suga kuwa, kun san yadda muke shan shayi a ƙasar nan, kofi uku a jere kowanne kamar zuma. Suga in ya hau, sojojin jini sun yi sanyi, miki ya ƙi rufewa. A auna shi kafin aiki, a riƙa aunawa bayan aiki.

Na sha jin ana hana mai miki ƙwai da madara wai suna kawo mugunya. Ba su ke kawowa ba. Sabon nama da abinci mai gina jiki ake yin sa: ƙwai, wake, kifi, nama, madara. Mai ƙarancin jini kuma a gyara mata shi tun kafin a shiga da ita.

Sai maganar barbaɗe-barbaɗe. Garin kafso, man zaitun, habbatus sauda, toka, lalle, man shanu, zumar kasuwa. Na san za a ce ai zuma waraka ce. Haka ne, har asibitoci na amfani da wata zuma da aka tace aka kashe ƙwayoyin da ke cikinta, a kan irin mikin da likita ya zaɓa. Wadda aka auno a kwalbar lemo daban ce, kuma ramin da ke kaiwa ga roba ba a zuba masa komai. Zuwa kantin magani a ce a ba ni mai ƙarfi, shi ma yana da nasa sharrin. Maganin na iya danne zazzaɓi ya ɓoye alamar, cutar na ci a ciki, kuma in an zo ɗaukar ruwan a gwada sai a kasa gane ƙwayar. Ƙasar nan ta san ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Bayan yaƙin 2011, asibitocin Turai da suka karɓi raunanan Libiya sun ba da rahoton samun ƙwayoyin da magunguna da yawa ba sa kashewa. Maganin da ya dace sai an gwada ake saninsa.

In an je da wuri, wani lokaci ana ceto robar: a kwantar da mace, a yi mata allura ta jijiya, a shiga a wanke, a yanke gefen da ya lalace, a sake ɗinkewa, wani lokaci a canja sabuwa. In an makara, babu dabara sai a fitar da ita, a bar wurin ya warke wata 3 zuwa 6 kafin a sake tunanin wata. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun sau da yawa kwanaki ne ƙalilan, irin kwana huɗun da maƙwabciyata ta yi tana jin nauyin buɗe baki.

Ko ɗinki ya kama lafiya, akwai abubuwa biyu uku na gaba. Mu baƙaƙen fata mun fi saurin yin tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce inda aka yanka, yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Wadda hujin kunne ya taɓa yi wa ƙullutu ta faɗa wa likita tun kafin wuƙa. Sannan jiki yakan saƙa wa robar wata jaka ta kewaye ta, a wasu matan jakar ta tsuke, mama ya yi tauri ya ɗage sama yana ciwo. In kuma bayan shekaru gefe ɗaya ya kumbura haka kawai, a je a zuƙi ruwan a asibiti a gwada. Akwai wata sankara da ba ta cika faruwa ba, wadda aka danganta da roba mai kaushin baya, saboda ita kamfanin Allergan ya janye samfurinsa na Biocell daga kasuwannin duniya a watan Yulin 2019. Baƙo raɓa ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa robar nan ba ta zaman har abada ba ce, ta kuma ba da shawarar a yi wa mai silikon hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3.

Shi ya sa nake roƙon duk wadda za a yi wa, kada ta baro asibiti sai da katin robar a hannunta, mai sunan kamfani da lamba da girma, haɗe da rahoton aikin. A 2010 Faransa ta gano kamfanin PIP yana cika robarsa da silikon ɗin masana'antu wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba. Dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe sama da 60 suna ɗauke da ita. Kotu a Marsai ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4 a 2013. Masu kati sun duba sun san matsayinsu a rana ɗaya. Marasa kati suka shiga neman likitan da wataƙila ya tashi daga inda yake. Kuma a tambayi likita tun kafin a biya: kwana nawa zan zauna kusa da kai, in ɗinki ya buɗe bayan na koma Sabha wa zai gan ni? Kuɗin zaman mako biyu ko uku a can cikin kuɗin aiki yake, wanda bai tanade shi ba bai gama tara kuɗin ba.

Maƙwabciyata, a daren nan na fita na sami mijinta a ƙofar gida yana shan iska. Na ce, "Malam, tashi ka nemo mota." Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Da likita ya share garin kafson, sai ga robar tana leƙe. Washegari aka fitar da ita. Ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance ana mata allura, surukar da ake ɓoye wa ita ce ta kwana da ita a ƙasan gado. Yanzu wurin ya rufe. Ta ɗinka wani ɗan matashi na auduga tana sawa a cikin rigar mama, in ta yafa mayafi ba mai ganewa. An ce mata ta dawo bayan wata shida a sake sa wata, wata shidan sun wuce tun bara. Jiya da na je neman izinin ba da labarin nan na tarar tana tankaɗe, na tambaye ta ko za ta koma. Ta ce tukuna dai, yanzu kuɗin makarantar yara ne a gabanta, ta miƙo mini rariya ta ce in taya ta.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko ɗinkin haihuwa da yadda ake kula da shi a lokacin zafi. A gaida masu jinya, Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. 

(Kiɗan rufe shiri)